A Kai Masu Zane Bakin Gulbi

Ina gaida mutanen Ɗan Issa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Madarunfa, da Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, da Jirataua, har zuwa cikin birnin Maraɗi. Ina kuma gaida ƴan'uwanmu na Jibiya da ke kama mu daga ƙetaren iyaka, don maganar yau ta shafe su kamar yadda ta shafe mu.

Sharhin namu a kan Gulbin Maraɗi ne da tafkin Madarunfa, da wata shawara da nake so in ajiye gaban iyayenmu sarakuna, da shugabannin ƙananan hukumomi, da malaman makaranta, da matasa. Shawarar ita ce a kafa gasar zane ta shekara-shekara a bakin ruwan nan namu, a fili. Mai zane ya zo da takardarsa, ya nemi inuwa ya zauna, ya dubi gulbi da idonsa, ya zana abin da ya gani, da yamma a baje wa jama'a su kalla. Na san tun ban rufe baki ba wani ya ce: ana fama da tsadar hatsi da ɓarayin daji, wa yake ta zane? Tambayar tana da nauyi, kuma zan amsa ta. Amma a yi mini haƙuri mu fara da gulbin kansa.

Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, can ana ce masa kogin Gada. Ya wuce Jibiya, ya shigo Nijar ta nan yankinmu, ya bi ta Madarunfa da Jirataua, ya ratsa ta gindin birnin Maraɗi, ya nufi Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya zuba a gulbin Rima. Ruwansa na damina ne. Yakan zo da ƙarfinsa in sama ta buɗe, ya ja baya da kaka, da rani kuwa sai rairayi fari fat, shanu na tafiya a kai. To amma ƙafewar a ido ce kawai. Ruwan yana nan kwance a ƙarƙashin fadama. Shi rijiyoyin lambu suke ja, shi ke riƙe da mangwaro da gwaiba da zogale, shi ke ba mu tumatir da tattasai da albasa lokacin da gonakin jigawa suka bushe. Gandun noman rani na Jirataua, mai faɗin hekta sama da 500, da wannan ruwa na ƙasa yake rayuwa.

Tarihinmu ma a bakinsa ya tsiro. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta na gidan Korau suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi wajajen 1819. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwarin gulbi take, kurmi ya rufe ta, ruwa na kusa. A 1945 ambaliya ta yi wa garin mummunar ɓarna, Turawan mulkin mallaka suka mayar da shi bisa tudu, inda yake yau da titunansa miƙaƙƙu. Ƙaurar ta ceci rayuka, babu musu. Sai dai tun daga lokacin birnin ya ba gulbi baya. Ƙofofin gidaje suka dubi kwalta da kasuwa, kwari ya zama kamar bayan ɗaki, inda ake wurga abin da ba a son gani. Ruwan kwata da leda da ɓaraguzan gini duk can suke gangarawa. Halin nan kuwa bai tsaya a Maraɗi ba. Kowane gari da ke kan wannan gaɓa, babba da ƙarami, yana da irin nasa.

Sannan ga abin da ya sauya daga kudu, inda ruwan ke fitowa. Madatsar Jibiya tana iya riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 142. Ta amfani manoman can, amma malalar da a da take shimfiɗa laka a fadamarmu ta cika rijiyoyi ta ragu, dattawan da suka yi noma kafin madatsar su ne shaida. Gwamnatocin Nijar da Najeriya sun san ruwan na tarayya ne. Ranar 18 ga Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba shi cikin adalci, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin ruwaye huɗu da aka ambata. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin labarin wannan takarda? Ba mu tuna gulbi sai ranar da ya yi fushi. A Yulin 2018 ruwa ya afka wa Jibiya cikin dare, fiye da mutum 40 suka rasu, har ya kawo gawarwakin wasu ƙasar Nijar. A daminar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasar nan, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da ruwa ya janye, aka raba taimako, sai kowa ya sake juya baya.

Tafkin Madarunfa ma haka. A 2006 Nijar ta gabatar da shi ga hukumar UNESCO, shi da gandun dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye, cikin wuraren da take neman a sa su a jerin kayan gadon duniya. A 2019 aka shigar da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare tafkuna da fadamu. Masunta na cin abinci a cikinsa, makiyaya na shayar da dabbobi, tsuntsaye na zuwa daga nesa su yada zango. Amma suna a takarda ba ya hana rairayi gangarowa. Kowace damina ƙoramu na kwaso ƙasa daga gonakin da aka share wa itace su juye a tafki, zurfinsa na raguwa sannu a hankali, yadda mai wucewa kullum ba zai lura ba.

Nan ne maganar zane ta shigo. Ɓarnar da ke tafiya sannu ba ta da ƙara, sai wanda ya zauna ya duba yake ganinta. Ka sauka gaɓa da hantsi cikin rani, ka zauna gindin mangwaro, kada ka yi komai sai kallo. Za ka ga inda ruwan bara ya yanke gaɓa, saiwoyin itace sun fito waje suna reto, rabin gonar wani bawan Allah ta tafi. Ɗaga kai ka dubi rassan ƙasa-ƙasa: baƙar leda ce maƙale a jere, duk a tsayi ɗaya, ita ke gaya maka iyakar inda ruwa ya kai. Can gaba ramukan masu bulo ne, da sawun amalanke da na tifa masu ɗibar rairayi, sun ci har gindin gaɓa. A tsakiyar gulbi ga yarinya ta durƙusa, ta tona rami kamu ɗaya da hannu, ta jira ruwa ya tsattsafo, ta bari ya kwanta, tana kwalfa da ƙoƙo tana zubawa a jarka a hankali don kada ya gurɓace. Bayanta balbelu na bin shanu. Ga lambun albasa kore shar, ga jar gaɓa, ga farin rairayi. Kyau da ɓarna a wuri ɗaya suke zaune, mu kuwa kullum muna wucewa ta gabansu a kan babur ba mu ga ko ɗaya ba.

Wani zai ce ai ga waya, a ɗauki hoto mana. Hoto na da amfaninsa, amma ƙiftawar ido ne, hannu ya ɗauka tun zuciya ba ta gani ba. Mai zane kuwa dole ya zauna. Kafin ya ja layi ɗaya sai ya tambayi kansa: ina gaɓar nan ta karye, itace nawa suka rage a can, me ya sa ruwan ya yi baƙi a bakin kwatar nan? Yaron da ya wuni yana wannan tambaya, zai yi wuya ka gan shi gobe ya ɗauko kwandon shara ya juye a daidai inda ya zana. In ya kai zanen gida, uwarsa za ta duba, kakansa ya ce a'a, a zamaninmu nan wurin kurmi ne, ya shiga lissafa itatuwan da ke ciki. Hira ta tashi ke nan, kuma irin wannan hirar ce muka rasa.

Abin da nake faɗa ya taɓa faruwa a wasu ƙasashe. A Faransa wasu masu zane sun tare a ƙauyen Barbizon, bakin dajin Fontainebleau, kullum suna fita su zana tsofaffin itatuwansa. Da suka ga ana sara ana fasa duwatsu, babbansu Théodore Rousseau ya kai kuka gaban mai mulkin lokacin, Napoleon na Uku. A 1861 aka fitar da doka da ta keɓe fiye da hekta 1000 na dajin, aka hana sara a ciki. A Amurka kuma, a 1871, mai zane Thomas Moran ya bi ayarin masu bincike zuwa Yellowstone. Zane-zanensa, tare da hotunan William Jackson, aka nuna wa ƴan majalisar da ba su taɓa taka wurin ba, a 1872 suka mayar da shi gandun ƙasa na farko a Amurka. Gani ya kori ji.

Ita gasar kanta, mutanen Sifaniya sun daɗe da iya shirya ta, garuruwa manya da ƙanana suna yin tasu kowace shekara. Da safe kowane mai zane ya kawo takardarsa ko ƙyallensa fari, a buga masa hatimi a baya, don a tabbatar ba daga gida ya zo da aikin a gama ba. Su bazu cikin gari, kowa ya zaɓi wurinsa. Yara su kewaye shi, masu wucewa su tsaya su tofa albarkacin bakinsu. Da la'asar a tattara, a jera a dandali, alƙalai su zaɓa. Hukuma da ƴan kasuwar gari ke sa kyaututtuka. Biranen da suka gyara kogunansu ma sukan kira irin wannan taro a bakin ruwa, don mutanen da suka saba toshe hanci in sun zo wucewa su dawo su ga wurin ya canza.

Cikin irin wannan gyara, na birnin Seoul a Koriya ta Kudu ya fi yin suna. Wani rafi mai suna Cheonggyecheon ya ratsa tsakiyar birnin. Ya ƙazantu har hukuma ta shiga rufe shi da kankare tun daga 1958, daga baya aka ɗora masa gadar sama ta motoci. A Yulin 2003 magajin garin, Lee Myung-bak, ya sa aka fara rushe gadar, a Oktoban 2005 aka buɗe kusan kilomita 6 na rafin. Kifi da tsuntsaye suka dawo, mutane suka dawo da ƴaƴansu. Aikin bai rasa masu suka ba: ya ci kuɗi masu yawa, an tashi ƴan tireda, kuma yawancin ruwan da inji ake turo shi daga kogin Han.

Kusa da mu kuma ga ƙoramar Jakara a Kano, wadda a bakinta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Da birni ya cika, Jakara ta koma magudanar ƙazanta, gaba kuma rafin Getsi ya haɗo mata da dagwalon masana'antun Bompai, ga masu lambu na ban ruwa da shi. A zangon mulkin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka ɗauki aikin killace ta da kankare da shimfiɗa titi a kanta, don maganin wari da ambaliya. Wanda ya zauna kusa da warin ba zai raina wannan aiki ba. Amma kafin ruwa ya kai ga mutane su yi murnar a rufe shi, an daɗe da daina kallonsa. Gulbinmu bai kai nan ba tukuna. Yana da sauran rai, kuma gyara yanzu ya fi araha.

Sai dai akwai gargaɗi. Gasar zane ba ta yashe tafki, ba ta toshe kwazazzabo. In aka shirya ta don a share wuri ɗaya ranar da manyan baƙi za su zo, a sa yara su zana ruwa garai-garai da itatuwan da babu su, an koya musu ƙarya, gara ba a yi ba. Can inda suka gama gyara, zane shelar aikin da aka yi ne. Mu da aikin ke gabanmu, zanenmu shaida ce: ga yadda wurin yake bana. Aikin kuwa sananne ne, manoma da ma'aikatan gandun daji sun san shi. A bar tazara tsakanin gona da gaɓa a dasa itace. A ɗaure bakin ƙoramu da duwatsu cikin ragar waya. A haƙa rabin-wata a kan fako don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. A ware wa masu bulo da masu ɗibar rairayi wurin da ba zai karya gaɓa ba. A kuma yi aiki da dokar 2014 da ta hana shigo da ledar nan marar kauri da sayar da ita.

Kada wani ya ɗauka zane baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Je unguwar Birni a Damagaram, ko tsohuwar Zariya da Kano, ka ga abin da magina suka yi a fuskar soraye. Dubi ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi, da aikin dukawa a kan fatar jar akuyar Maraɗi, da aska takwas a gaban riga, da lallen amare, da adon da masu fenti ke yi wa manyan motocin da ke bi ta nan kan iyaka kullum. Kayan aikin ma a gida suke. Almajiri ya san yadda ake tawada: ya daka gawayi ya yi laushi, ya tankaɗe, ya jiƙa ƙaro, ya haɗa ya dafa har ta yi kauri ta kama allo, ya fere alƙalaminsa daga gamba. Mai zayyanar allon sauka kuwa yana da ja da rawaya da kore, da hannun da ba ya rawa. Jar ƙasa na nan, farar ƙasa na nan, karan dafi na ba da ja, baba na ba da shuɗi. Yaron da ba shi da kuɗin fentin kanti ba shi da dalilin zama a gida.

Akwai tambayar da na san tana zukatan iyaye da yawa, ita ce ta addini, kuma daidai ne a yi ta. Malamai sun yi dogon bayani a kan zanen abu mai rai, kuma a wannan su ne abin komawa. An ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce da ita yake ci, sai ya ba shi shawarar ya riƙa zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ruwa, gaɓa, itace, gajimare, lambu, kwalekwale a bakin tafki, duk suna nan. A sa malamanmu cikin shirin tun daga farko, a ji ta bakinsu. Su ne kuma suka fi kowa iya tuna mana cewa addini ya hana ƙazantar da mashayar jama'a, ya hana ɓarnar ruwa ko da mutum a bakin kogi yake alwala.

To yaya za a yi ta? A ganina sau biyu a shekara: ɗaya da kaka, ruwa na nan, ɗaya da bazara, gulbi ya bushe. A zaɓi wurare, a kafa musu alama, a riƙa komawa wuraren nan dai kowace shekara. Bayan shekara goma, in aka jera zanen wuri ɗaya daga na farko zuwa na ƙarshe, ko wanda bai yi boko ba zai karanta ko gaɓa ta ci gaba da zubewa ko dashe ya kama. A raba rukuni: ƴan firamare, ƴan kwaleji da lise, almajirai da masu zayyana, masu fenti na sana'a. A ba mata nasu wuri da nasu lokaci, don su suka fi kowa sanin inda ruwa yake da daɗi da inda ya lalace. Cikin alƙalai a sa malamin zane, a kuma sa sarkin ruwa, da manomin lambu, da makiyayi, da ma'aikacin gandun daji. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Su za su gane wanda ya zana gulbin gaskiya da wanda ya zana na cikin kansa.

In an gama, kowa ya tsince ledar da ke wurin da ya zauna kafin ya tashi: a zana tukuna, sannan a share. A baje zanen ranar kasuwa a Ɗan Issa, mako na gaba a Madarunfa, sannan Maraɗi, a kuma rataye waɗanda suka fi nuna ɓarna a zauren da hukumar gari ke zama in za ta tsara kasafin kuɗi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ta adana kwafinsu tare da kwanan wata da sunan wuri. A kuma gayyaci yaran Jibiya. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023, motoci suka yi layi suka tsaya, amma ruwan Gada bai taɓa tsayawa a shingen duwan ba. In ɗan Jibiya ya zana madatsa, ɗan Madarunfa ya zana rijiyar lambun da ruwanta ya yi nisa, aka jera su kusa da juna, maganar yarjejeniyar Maiduguri za ta tashi daga takarda ta shigo bakin talakawa.

Yanzu ga amsar mai cewa ana yunwa ana tsoro. Gaskiyarsa. Ƙauyukanmu na bakin iyaka sun ga satar shanu da satar mutane, jihar nan kuma ta karɓi ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. Don haka a yi gasar da rana, a wuraren da hukuma da masu gari suka amince, a nisanta yara daga ruwa mai zurfi. Amma maganar gulbi ita ce maganar abinci. Lambun rani shi ke riƙe saurayi a gida lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In rijiyar lambu ta ƙafe, sai ya tafi cin rani, ko ya shiga ramin zinariya, kuma mu mutanen Ɗan Issa ba mu manta da Garin Liman ba, inda rami ya rufta da masu haƙa a Nuwamban 2021, aka fitar da gawa 18 a tashin farko. Duk abin da zai sa mu kula da ruwan da ke ciyar da mu yana cikin maganin yunwa. Kuɗin gasar kuwa kaɗan ne: takarda, fensir, ruwan sha, da ƴar kyauta.

Kuma mu mutanen jihar Maraɗi mun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Farin shekarun 1970 ya bar gonakinmu fili fetal. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba. Manoma suka karɓi sassaben zamani, suka daina tumɓuke tsiro, suna zaɓar reshe mai ƙarfi su bari ya girma. Ba a yi shekara talatin ba aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itace wajen miliyan 200. Duniya ba ta gaskata ba sai da masana suka jera hotunan sama na shekarun 1970 kusa da na bayan 2000, kowa ya ga bambanci da idonsa. Hannun da ya mayar da gawo da kalgo gona zai iya mayar da itace gaɓar gulbi, kuma wannan karon ƴaƴanmu ne za su ajiye shaidar.

Don haka ina kira ga masu riƙe da ƙaramar hukumar Ɗan Issa da takwarorinsu na gundumar Madarunfa: ku kawo maganar nan a zamanku na gaba, ku tsayar da rana. Iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah ya ja zamaninku, ku nuna wuraren, ku sa albarka. Malaman makaranta, na boko da na allo, kada ku jira takarda daga Yamai. Aji ɗaya, da fensir da kwali, da safiya ɗaya, sun isa a fara. Alhazan Maraɗi da ƴan kasuwar kan iyaka, kyautar farko tana wuyanku, ko kayan makaranta ne, ko buhun hatsi, ko keke. Ku kuma samari da ƴan mata da ke zane a bayan littafi kuna ɓoyewa, ku fito da shi, garinku na bukatar idonku. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa, ta dace a karrama waɗanda suka ci. Kowannensu ya dasa itace a gaɓar da ya zana, a rubuta sunansa, baɗi a je a duba ko ya kama.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga ambaliya da fari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.